Farar Ƙasa a Fili na Uku

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Sun shafe min bishiyoyi da farar ƙasa.

Na rubuta ne in karanta da idona ko zan yarda. Kwana uku kacal na yi ba na nan, na kai Baba asibiti aka yi masa aikin ido. Yau da na shiga gandun dajin na nufi Fili na Uku, tun daga nesa na hango fari fat, kamar an jera 'yan makaranta da safa. Bishiya ɗari huɗu da goma sha biyu, kowacce an shafe ta daga gindi har daidai ƙirjina. An share ganyen ƙasa tas. Matattun itatuwan da muka bari suna ruɓewa an kwashe, an tara a bakin hanya an cinna musu wuta. Lambobin ƙarfen da ke jikin bishiyoyin kuwa an bi su ɗaya bayan ɗaya da filaya an cire, an zuba a bokitin fenti, an ajiye min a ƙofar ofis. Wai an yi min gyara.

Shekara arba'in da uku ba wanda ya ɗauki ko tsinke a filin nan. Amfaninsa ke nan. Ga allo nan a bakin ƙofa da manyan baƙaƙe, KADA A TAƁA KOMAI. Allon ma sun wanke shi.

Sashen ayyuka na jami'a ne ya turo leburori, saboda ranar 21 ga wata kwamiti zai zo ya duba ko a bar gefen gabas na gandun, ko a gina wa ɗalibai ɗakunan kwana a wurin. Fili na Uku a gabas yake.

Kwaɗon ƙofa lafiyarsa ƙalau. Ba yau zan yi wannan maganar ba.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Na je wurin shugaban sashenmu. A raina Babu-Damuwa nake ce masa, don ko gobara ka kai masa labari abin da zai ce ke nan. Na dire masa bokitin a kan teburi. Ya leƙa ya ce, “Malama, mene ne wannan?”

Na ce, “Aikin shekara arba'in da uku ne, ranka ya daɗe.”

Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya ce, “Babu damuwa. Ai lambobin suna nan, ba su ɓata ba. Sai a mayar.”

A mayar! Kamar maɓallin riga. Mutumin nan digiri uku gare shi a kan bishiyoyi, amma rabonsa da taka Fili na Uku tun takalminsa na da ƙura. Na ce masa lamba ba ta da amfani sai a jikin bishiyar da aka yi ta aunawa da ita. Ya ce to in yi ƙoƙarina kafin ranar kwamiti, kuma don Allah kada maganar ta fita. In aka ji an taɓa filin, hujjarmu ta faɗi, masu gini sun ci.

Da na juya zan fita ya ce, “Af, ta yaya suka shiga ne ma?”

Na ce zan bincika.

Talata, 5 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Sittin na mayar yau. Bayana kamar ya karye.

Ga yadda nake yi. In kankare farar ƙasar da burushin waya har jan layin awo ya fito, in nemo ramin tsohuwar ƙusa, in zagaya tef, in duba awon bara a littafi. In iri ya dace, awo ya dace, layi ya dace, sannan in buga lamba.

Allah ya saka wa Baba. Lokacin da suka fara buga lambobin nan bai iya karatu ba, sai ya ƙirƙiro hanyarsa: ka fara daga tsamiyar kusurwa, ka miƙe gabas har wayar shinge, ka juyo, ka sake miƙewa, kamar mai huɗa. A haka aka jera lambobin. Duk wanda ya san tafiyar ya san lambar. Ni kuwa tun ina shekara tara nake bin bayansa riƙe da bakin tef.

Laraba, 6 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Ƙanena Auta ya kira sau huɗu. Ban ɗaga ba.

Alhamis, 7 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ɗari da arba'in.

Na biya gida na ɗiga wa Baba maganin ido. Yana zaune a ɗaki da baƙin tabarau, likita ya hana shi shiga rana sai bayan sati biyu. Ya ce, “Uwata, ƙanshin me nake ji a hannunki? Kamar masu gini.”

Na ce ana fentin ofis ne.

Sai ya ɗauko labarin da na ji ya fi sau dubu. Yadda wurin nan yake fako, gonakin da suka gaji aka watsar, ko akuya ba ta tsayawa. Yadda Tsohon Farfesa, Allah ya jiƙansa, ya yi shekara biyu yana zarya ofis-ofis har jami'a ta yarda ta zagaye shi da waya, mutane na ta dariya wai an killace ƙasa tsirara ana gadinta. Baba ne mai gadin farko. Suka raba fili uku. Na ɗaya a sa masa wuta kowace shekara. Na biyu a saki shanu su yi kiwo. Na uku a bar shi da Allah. Farfesa ya ce masa, “Kowa ya san abin da mutum ke yi wa ƙasa. Ni so nake in san abin da ƙasa za ta yi wa kanta in an ƙyale ta. Ni ba zan ga amsar ba, kai ma wataƙila, amma mu fara.”

Yau Fili na Uku da tsakar rana sai ka nemi hasken karanta littafi. Ɗalibai nawa suka yi digiri a kansa, ni kaina na daina ƙirgawa. Ina jin Baba yana ba da labarin yana dariya. Na ce masa ana jirana, na fito.

Asabar, 9 ga wata, ƙarfe goma na safe

Ya biyo ni har cikin filin. Auta, ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, shugaban leburorin sashen ayyuka. Ya tsaya yana sosa ƙeya.

“Yaya, sannu da aiki.”

Ban ɗago ba.

“Yaya, wallahi umarni aka ba ni. An ce duk inda kwamiti zai bi a share, a shafa farar ƙasa. Haka muka yi a ƙofar jami'a, haka muka yi a gidan baƙi.”

Na ce, “Nan gidan baƙi ne? A ina aka haife ka? Kuɗin gadin wane daji aka saya maka littafin makaranta da shi?”

Ya ce shi ya ɗauka taimakona yake yi. Wai ya ga wurin ya yi kaca-kaca, ruɓaɓɓun itatuwa ko'ina, gara ta yi gini, ya ce in manya suka ga haka za su ce Yayarsa ba ta aiki. Lambobin kuma ya sa a cire ne don kada farar ƙasa ta ɓata su. Har da cewa, “Kin ga ai ban bari ko ɗaya ta ɓata ba.”

Innalillahi. Da mugunta ya yi da na san yadda zan yi da shi. Na wanke shi tas, na ce masa abubuwan da ba zan rubuta ba. Na ce tun yana yaro in an ce a zo awo sai cikinsa ya fara ciwo, ga sakamakon nan. Ya ce a hankali, “Ai ke kika…”

Na ce ya ɓace min da gani.

Litinin, 11 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ɗari biyu da talatin da ɗaya. Fatar yatsuna ta tsattsage.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Abin da ke ci min rai ba lambobin ba ne kaɗai. Akwai wani ƙaton madaci da iska ta kayar shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Duk shekara ina auna yadda yake komawa ƙasa. Saura kaɗan ya ƙare. Ina so in ga ƙarshensa, ni dai ina so. Yanzu toka ce a bakin hanya, an ma taka ta da tayar mota.

Wannan ba ya mayuwa. Ko na mayar da lamba dubu, an taɓa filin.

Babu-Damuwa ya aiko a tambaye ni ina aka kwana. Ko leƙowa bai yi ba.

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ɗari uku da talatin. Matar Auta ta zo gidana jiya wai in yi haƙuri, mijinta ko abinci ba ya ci. Na ce ya ci mana, ai ya yi aiki. Ta ce in maganar ta fita korarsa za a yi, ga yara huɗu. Na ce na sani. Ta tsaya tana kallona tana jiran in ƙara wani abu, ni kuwa na ci gaba da wanke-wankena.

Baba ya tambaya me ya sa Auta ya ɗauke ƙafa. Na ce aiki ne ya yi masa yawa.

Ƙarya ta biyu ke nan. Ina ƙirgawa.

Asabar, 16 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ɗari uku da casa'in da biyar. Na tsaya cik.

Saura goma sha bakwai, duk marke ne, a kusurwar bakin rafi. Waɗannan ba sa cikin tafiyar Baba. Bayan gobarar da ta tsallako daga Fili na Ɗaya shekara talatin da suka wuce suka fito a cunkushe, wani ɗalibi ya buga musu lamba yadda ya ga dama. Kaurinsu kusan ɗaya, bambancin bai kai faɗin yatsa ba. Duk shekara lambar nake karantawa in auna, ban taɓa tunanin in haddace fuskokinsu ba. Na auna, na sake aunawa, na zauna a ƙasa da littafin har ƙafata ta yi sanyi. Ban sani ba. Wallahi ban sani ba.

Mutum ɗaya ne zai iya sanin wani abu, shi kuwa yana ɗaki da baƙin tabarau yana zaton fentin ofis ake yi.

Litinin, 18 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Na gaya wa Babu-Damuwa. Ya yi dariya har da buga teburi.

“Malama, goma sha bakwai cikin ɗari huɗu? Duk marke, duk girma ɗaya? Ki buga kawai. Wa zai sani?”

Na ce kowacce da tarihinta. Akwai wadda ta yi shekara biyar ba ta ƙaru ba sannan ta zabura. Akwai wadda tun farko take gudu yanzu ta gaji. In na musanya, na ɗora wa wata rayuwar wata, kuma duk ɗalibin da zai zo bayana a kan ƙarya zai yi lissafi.

Nan ya sha mur. Ya ce, “To zaɓi. Ko ƙusa goma sha bakwai, ko katafila ta kwashe duka ɗari huɗun. Ga ƙaninki, ga ke kanki. An ce kwaɗon ba a fasa shi ba.” Ya ce farar ƙasar da ta rage a ce maganin gara ne na gwaji, ganyen kuma iska ta kwashe.

Ashe ya sani. Tun yaushe, oho.

Na tsani mutumin nan. Abin da ya fi ba ni haushi, maganarsa ba ta rasa kan gado ba.

Talata, 19 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Na buga.

Talata, ƙarfe biyar da rabi

Minti ashirin ya ɗauke ni. Ban buɗe littafin ba.

Laraba, 20 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Da safe likita ya ce Baba zai iya fita. Muna fitowa daga asibiti ya ce, “Kai ni daji.” Na ce rana ta yi zafi. Ya ce shekara shida yana ganin duniya kamar ta cikin hayaƙi, yau an wanke masa ido, abin da zai fara gani bishiyoyinsa ne. Na kawo dalili uku, ya ture su duka. Wa ya isa ya hana Baba?

Ya tsaya a bakin Fili na Uku. Na kankare abin da zan iya, amma farin yana nan a gindin kowacce, ƙasa kuma a share kamar tsakar gida. Ya bi filin da kallo. Sannan ya ce, “Ina madacin?”

Na gaya masa duka. Har da Auta. Har da abin da na yi sati biyu ina kewayewa a littafin nan, bari in rubuta shi yau in huta: ni na ba Auta makullin. Ranar da za mu tafi asibiti Auta ya ce za su yanke ciyawar bakin hanya, ina sauri, na ciro na miƙa masa, ban ce masa komai ba. Na ɗauka ɗan gidanmu ba sai an gaya masa ba. Doka ta ce makullin nan ba ya barin hannuna. Ni na ba shi.

Baba bai yi faɗa ba. Da ya yi da na fi jin daɗi. Ya kama tafiyarsa daga tsamiya, ya yi gabas, ya juyo, yana shafa lambobin yana gyaɗa kai. Har muka iso bakin rafi. Ya ɗora yatsa a kan ta farko, ya matsa ta biyu, ta uku. Ya juyo.

“Wa ya buga waɗannan?”

Na ce ni ce.

“A'a. 'Yata tana barin ƙusa yatsa biyu a waje, don bishiya ta samu wurin girma kada ta haɗiye lamba. Ɗari uku da casa'in da biyar na shafa, haka suke. Waɗannan an nutsa su har kai. Mai gudu ne ya buga su.”

Ni ban ma lura ba. Na tsaya da shekara hamsin da biyu a duniya ina kuka kamar wadda aka kama da hannu a tukunya.

Ya ce, “Shekarar gobara na zo wa Farfesa na ce shi ke nan, aiki ya lalace. Ya ce in kawo littafi. Ya rubuta rana, ya rubuta inda wuta ta tsaya, ya rubuta cewa mai gadi ya yi barci. Ni ke nan. Yana nan a shafin, je ki duba. Ya ce abin da ya samu daji ba ya ɓata littafi. Abin da bai same shi ba aka rubuta, shi ke ɓatawa.”

Na kawo filaya. Uku ya gane, ɗaya da tabon wuta, ɗaya mai reshe biyu, ɗaya da ya ce ya taɓa faɗuwa a gindinta. Sauran ya ce bai sani ba, kuma ba zai yi kame-kame ba. Goma sha huɗu suka koma bokiti.

Alhamis, 21 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Sun zo su bakwai, da takalma masu sheƙi. Babu-Damuwa yana gaba yana zuba, wai filin da hannu bai taɓa taɓawa ba tun kafin a haifi wasunku. Ni ina baya da bokitina. Wata farfesa mai dogara sanda, daga sashen lissafi aka ce take, ta tsaya ta sa farce ta kankari gindin wata ƙirya. Ta ce, “Wannan farin fa?”

Babu-Damuwa ya buɗe baki. Na riga shi.

Na faɗi ranar, na faɗi abin da aka kwashe, na faɗi wanda ya ba da makulli. Na ce leburori umarni suka bi, wanda ya san dokar wurin ni ce. Babu-Damuwa ya zama kamar an watsa masa ruwan sanyi. Wani mai babban ciki daga ɓangaren gine-gine har murmushi ya yi, na gan shi.

Farfesar ta ce, “Nawa kika tabbatar?”

“Ɗari uku da casa'in da takwas.”

“Sauran?”

Na miƙa mata bokitin. Ta leƙa, ta ce, “Me ya hana ki buga su? Ba wanda zai gane.”

Na ce, “Na buga, ranki ya daɗe. Aka gane.”

Ta karɓi littafin ta yi ta buɗawa a tsaye, har ta kai shafin gobara, ta karanta, ta dawo shafin da na cika jiya da labarin abin da ya faru. Ta miƙo min shi. Suka tafi.

Asabar, 23 ga wata, ƙarfe tara na safe

Shiru daga kwamiti. Babu-Damuwa ba ya amsa gaisuwata, abin da ya fi min sauƙi.

Talata, 26 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Takarda biyu suka zo a ambulan ɗaya.

Ta farko: Fili na Uku yana nan. Za a yi ginin a tsohon filin ajiye motoci. An ce littafin awon abin dogaro ne.

Ta biyu: an ɗauke ni daga gandun daji saboda sakaci da makulli. Daga ranar Litinin ina sito, wurin ƙirga kujeru da tsintsiya. Auta gargaɗi kawai aka yi masa. Shugaban sashe kuwa an yaba masa a sakin layi na ƙarshe, saboda jajircewa.

Jajircewa! Na karanta sau uku, na yi tsaki har masinja ya waiwayo. Shekara talatin da ɗaya ina aikin nan. Kujeru.

Juma'a, 29 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ranata ta ƙarshe. Auta ya zo tun da safe ba wanda ya kira shi, ya tsaya nesa. Na ce, “In tsayuwa ka zo yi, ga bakin tef, riƙe.” Ya riƙe. A karkace ya riƙe, na daka masa tsawa, ya gyara. Ban huce ba, kuma na gaya masa ban huce ba.

Muka buga wa marke goma sha huɗun sababbin lambobi, daga 413 zuwa 426, ƙusa yatsa biyu a waje. Tsofaffin lambobin na ɗaure su da waya na rataye a ofis, na ja layi a ƙarƙashin shafukansu. Shekara talatin-talatin na awo, ba mai su.

Na buɗe sabon shafi. Bishiyar farko ta fi cinyata kauri, ina tsaye a inuwarta, na san ta tun ba ta kai gwiwata ba. Auta ya leƙo ya ce, “Yaya, me za ki sa a wurin shekara?”

Na rubuta: shekara ta ɗaya.

Makullin yana kan teburi. Wanda zai karɓa ya ce yana hanya.